Igiyar Shanya da Billen Inna

Asabar ce, wadda ta biyo bayan haihuwar jikata, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a falona da ke Mahuta. Mu biyu ne a wurin, ni da ƙanwata, wadda har yau da take da surukai Auta muke ce mata. Ina zaune gaban kwamfuta, ita kuwa tana kan tabarma tana ƙulla cincin a leda saboda suna.

'Yata ce ta haihu, kuma an riga an yi wa jaririyar huɗuba da sunan mahaifiyarmu, wadda ta rasu da daɗewa. Abu ɗaya mai jegon ta roƙe ni. Ta ce in samo hoton Inna, a wanke shi babba, ta ajiye wa yarinya, don in ta girma ta ga fuskar mai sunan. Suna ranar Alhamis ne, na ce mata ta ɗauka an gama.

A iya sanina a lokacin, hoton Inna ɗaya ne a duniya. Wani mai hoto da ke bin gida-gida ne ya ɗauke ta a tsakar gidanmu na Unguwar Mu'azu. Tana tsaye ta yafa gyale, a bayanta ga randa, ga bokiti, ga akurkin kaji. Abin da ya ɓata hoton shi ne igiyar shanya. Tsohuwar wayar lantarki ce baƙa da muke shanya a kanta, ta ratso ta gaban fuskar Inna, daga wannan kunci ta haye hanci ta faɗa wancan. Mai hoton bai lura ba, ita ma ba ta kauce ba. Takardar hoton tana wurin yayanmu. Abin da ke hannuna shi ne wanda ya ɗauka da waya daga jikin takardar ya turo mana, ni kuma na ajiye a kwamfuta.

Manhajar gyaran hoto ba ta ba ni tsoro ba, domin cire abu daga cikin abu shi ne aikin da na tsufa a kai. Na shiga gidan rediyo tun ana yanka tef da reza. Baƙo ya yi tari a tsakiyar magana, ka yanke tarin. Zakara ya yi cara a bayan hakimi, ka yanke zakaran, ka haɗa bakin tef da bakin tef ka liƙe. Ƙa'ida biyu aka koya mana, ni ma na koya wa na bayana. Ta farko, ka bar wa mai magana numfashinsa, in ka kwashe duka sai ya zama kamar ba mai rai ke magana ba. Ta biyu, guntun da ka yanke kada ka yar, ka manna shi a gefen tebur har sai shirin ya fita.

Ita manhajar aikinta ya fi reza sauƙi. Sai ka shafa wa abin da ba ka so jan launi, ka latsa, ya ɓace. Ba ta barin rami. Takan dubi abin da ke kewaye ta ɗebo irinsa ta cike gurbin. Na fara da bokiti, ya tafi, siminti ya maye wurinsa. Na bi da akurki. Randa na daɗe ina dubawa, daga baya ita ma na sallame ta. Sannan na zo kan igiya. Na shafa ja daga kunci zuwa kunci, na latsa, ta ɓace, sai 'yan guntayen layi da suka rage nan da can a ƙarƙashin idanu. Na ɗauka inuwar wayar ce. Na ƙara girman fuskar na bi su ɗaya bayan ɗaya, dama da hagu, har fatar ta yi sumul.

Daidai nan aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutata ya tsufa, ba ya kai mutum ko'ina. Na yi sauri na latsa ajiyewa, ta tambaye ni wani abu, na amsa mata ban karanta ba. Allon ya mutu.

Da aka dawo da wuta na kunna, Auta ta leƙo ta kafaɗata da leda a hannu.

"Kai, Anti! Inna ta koma budurwa. Da Baba zai ga wannan sai ya sake biyan sadaki."

Na tura hoton zauren danginmu na waya. Nan da nan aka shiga sa albarka, wannan ya ce Allah ya jiƙanta, wancan ya ce aiki ya yi kyau. Ni kuwa na kasa zama. In buɗe hoton in rufe, in je kicin in dawo in sake buɗewa. Babu abin da zan nuna da yatsa in ce ga kuskure. Amma matar da ke ciki tana kallona kamar wadda muka haɗu a layin asibiti.

Bayan magariba Yaya ya kira. Shi ne ɗan farin Inna, shi ke zaune a gidanmu na Unguwar Mu'azu, kuma tun ina aiki ba ya kirana sai da Mai labarai.

"Mai labarai, wace ce wannan kika turo mana?"

"Inna ce mana, Yaya."

"Innar wa? Tamu dai tana da bille."

Na ƙara girman fuskar har ta cika allon. Bille tsaga ce guda ɗaya da wanzami ke yi wa jariri, ta taso daga karan hanci ta gangaro kunci a karkace. Inna tana da shi, duk wanda ya san ta ya san haka. A hoton babu ko alamarsa. Yana cikin guntayen da na bi na share.

Na nemi tsohon hoton a kwamfuta. Babu. Tambayar da na amsa ban karanta ba ita ce ko a ɗora sabon a kan tsohon.

"Yaya, takardar tana wurinka ai. Gobe zan zo in sake ɗauka."

"Wace takarda? Ruwan da ya yaye mana kwano bara ai ya shiga har cikin gilashin firam ɗin. Da na ɓamɓaro ta, fuskar ta zauna a gilashi, takarda ta biyo ni fara."

"To wanda ke cikin wayarka fa?"

"Wayar da na ɗauka da ita tana ƙasan rijiyar masallaci. In kina da guga mai tsawo, bismilla."

Na bi dangi ɗaya-ɗaya. Kowa ya taɓa samun hoton, kowa ya share. Auta ta ce wa'azi da bidiyon biki ne suka cika mata waya, ta kwashe komai a tashi ɗaya. Wani ɗan kawunmu ya ce yana da shi, ya sa na jira, sai ga shi ya turo mini wanda na gyara.

Washegari Lahadi na ɗauki kwamfuta muka tafi Unguwar Mu'azu ni da Auta. Shawarata mai sauƙi ce. Manhajar da ta iya cirewa ta iya zanawa. In dai na san inda billen yake, da inda ya faro da inda ya tsaya, zan mayar da shi. Muka zauna a tsakar gidan da aka ɗauki hoton. Ƙusar igiyar ma tana nan a bango.

"A dama yake," na ce, "tsawonsa kawai nake so ku tuna mini."

"Hagu," in ji Yaya.

"Dama, Yaya. Ina ganinsa yanzu haka a idona."

"Idon da bai gan shi ba jiya? Hagu ne."

Auta ta ce ita fa a ganinta kowane kunci akwai.

"Ke rufa mana baki," in ji Yaya. "Bille biyu? Sai ka ce wanzamin kwangila aka ba shi."

Muka yi dariya, amma tawa ba ta yi nisa ba. Na ce to mu bar gefe, a ina ya tsaya? Yaya ya ɗora yatsa a tsakiyar kuncinsa, ya matsar da shi ƙasa, ya sake dawo da shi sama. Auta ta ce siriri ne. Yaya ya ce yana da kauri. Mu uku, dukanmu da furfura, ita ta haife mu ta raine mu, aka rasa wanda zai zana layi ɗaya a fuskarta ya rantse a kai.

Ba mantuwa ce ta kawo haka ba. A gidanmu ba a kallon babba a ido. In Inna tana magana, kanka yana ƙasa. In ta kira ka, ka durƙusa ka dubi tabarma. Yaron da ya tsura wa uwarsa ido, mara kunya ne. Saboda haka abin da muka haddace daga jikinta shi ne abin da ke ƙasa. Na san hannunta da ƙunar mai a bayan babban yatsa. Na san zoben azurfarta. Ƙafarta kuwa ko a cikin dubu zan fitar da ita, domin ƙaramin yatsanta ya hau kan na kusa da shi, ga lalle har idon sawu. Yaya ma nasa ya fi namu nisa, shi da yake ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa, in ya shigo ta wannan ƙofa idonta yana waccan.

"To kai yaushe ka gan ta har kake rantsuwa da hagu?" na tambaye shi.

"Daga zaure nake satar kallonta in tana tankaɗe."

"Daga zaure," na maimaita.

"Ya fi wadda ta goge."

Na tashi na zaga tsakar gidan, na dawo na zauna, na sake tashi. Auta ce ta buga cinya.

"Mai layin dogo! Anti, wa ke ce wa Inna Mai layin dogo?"

Mama ce. Maƙwabciyarmu ce ta katanga ɗaya, mutuniyar Filato, Kirista, tana aiki a masaƙa a Kakuri. Ita da Inna sa'o'in juna ne, kuma ba su da aiki sai tsokanar juna. Inna tana ce mata Uwar gwate, saboda faten garinsu da take yawan dafawa, ita kuma tana ce wa billen Inna layin dogo, wai jirgi ya bi ta fuskarta ya wuce Kafanchan. Ita ba ta da dalilin sunkuyar da kai, ido cikin ido suke zagin juna. Shekarun da gari ya rikice, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, ta bi ɗanta Gonin Gora. Rabona da ita tun ta'aziyyar Inna.

Litinin da hantsi na shiga mota ni kaɗai. A Gonin Gora na sauka bakin titin Abuja, cikin tirelolin da suka yi layi da masu tallar burodi da doya da ke bin tagogin motoci. Na yi tambaya wurin wata mai gasa masara, ta nuna mini lungu. Ina tafe ina taɓa kuncina, dama, hagu, dama.

Na yi sallama a ƙofar falo. Mama tana zaune a kujera, ta rame, idanunta sun yi fari da ciwon yanar ido.

"Wa nake ji haka? Yesu na gode, yau labaran duniya da ƙafarsu suka shigo mini! Zo nan, 'yar Mai layin dogo. Kin tsufa ko? Muryar dai ba ta tsufa ba."

Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi Yaya, ta tambayi Auta, ta ce ko har yanzu tana kuka in an ci wake ba a ba ta ƙanzo ba. Na ba ta labarin haihuwa da sunan da aka sa, ta ɗaga hannu ta yi godiya ga Allah. Sannan na faɗa mata abin da na yi wa hoton, ban rage komai ba.

"Kin cire mata layin dogo? To yanzu ta ina za ta je gida?"

"Shi ya kawo ni, Mama. A wane kunci yake?"

Ta ɗora yatsa a kuncinta na dama. Ta mayar da shi hagu. Ta sake dawowa.

"Nan ne. A'a, tsaya. Kin ga shegen layin nan, shekara da shekaru ina zaginta da shi, ban taɓa tambayar wace tasha ya nufa ba." Ta yi dariya har da tari. Ni ban iya na taya ta ba. "Ke, kada ki ɓata rai. Me zai sa mu wahala? Ga ta can a bango, je ki duba da kanki."

"Wa?"

"Uwarki mana. Hoton auren 'yata. Tana bayan amarya da tiren shinkafa. Ai ita ta riƙe tukunyar Musulmi ranar, babanku ya yanka ragon, ita ta dafa, ta hana kowa sa hannu. Kullum da safe sai na ce mata, Mai layin dogo, kin tashi lafiya?"

Na miƙe na je gaban firam ɗin. Babban hoto ne. Amarya da farar riga, ƙawaye biyu a kowane gefe, a tsakar gidan Mama na da. A bayan amarya babu kowa. Katanga ce kawai, mai tsabta fiye da yadda na san ta, kuma na lura da wani bulo mai tsaga da ya fito sau biyu, tsagar iri ɗaya. Na gane aikin, shekaranjiya na yi irinsa. Na sauke idona ƙasa, inda ya saba zuwa. A gefen bakin rigar amarya, a kan siminti, ga ƙafa ɗaya cikin shuɗin silifa, ba ta haɗe da jikin kowa. Da lalle har idon sawu. Ƙaramin yatsan ya hau kan na kusa da shi.

Na yi tunanin in ce mata na gani, hagu ne ko dama, in yi godiya in tafi. Amma ban sani ba, kuma sani na zo nema.

"Mama, an cire ta."

"An yi me?"

"An cire ta daga hoton. Ƙafarta ɗaya ce ta rage."

Ta dafa hannun kujera ta yunƙura. Ta ce 'yarta ce ta karɓi hoton ta kai aka ƙara masa girma, lokacin da suka yi bikin cikar shekarun aurensu, ta dawo da shi a firam ta ce an gyara shi ya yi kyau.

"Ashe gyaran ke nan! Wato duk safiyar nan katanga nake gaisarwa? Yarinyar nan, shinkafar da ta ci ranar har ta ɓata janbaki, wa ya dafa? Bari ta zo ranar Lahadi." Ta numfasa. "Shiga ɗaki, ƙarƙashin gado akwai akwatin ƙarfe. Ƙaramin yana cikin albam, in ba shi ma ta gyara shi ba."

Na durƙusa na jawo akwatin. Albam ɗin ya kumbura, ledojinsa sun manne da juna. Na bi shi shafi-shafi, baftisma, kammala makaranta, ma'aikatan masaƙa a bakin ƙofa. Can kusa da ƙarshe na same shi, bai fi tafin hannu ba. Ga amarya, ga ƙawaye. A bayansu ga Inna, ta ɗauko tire da hannu biyu za ta wuce, ta waiwayo, bakinta a buɗe, da alama wani take yi wa faɗa ya ba ta hanya. Fuskar ba ta fi ƙwayar wake ba. Na fito da shi bakin ƙofa wurin haske, na sa tabarau, na ɗora kyamarar waya a kai na ƙara girma.

A hagu yake. Ya taso daga karan hanci ya gangaro har kusan daidai da gefen baki. Ya fi wanda na yi niyyar zanawa tsawo nesa ba kusa ba.

"Hagu ne, Mama."

"Ai na faɗa miki," in ji ta.

A mota, kan hanyar komawa, na yi ta juya abin. Ban saba riƙe abu a karkace ba, kuma billen da ke cikin kaina har lokacin a dama yake zaune. Sai da muka kusa Mahuta na gano dalili. Wuri ɗaya ne na taɓa kallon fuskar Inna yadda nake so. In tana sa kwalli da safe takan jingina ƙaramin madubi a jikin taga, ni kuma ina bayanta ina shara ko ninke shimfiɗa, sai in ɗaga ido in kalle ta a cikin madubin. Fuskar da na sani ke nan, kuma madubi juya ta yake yi.

Talata na zauna zanawa. Yanzu na san gefe, na san tsawo. Na ɗebo launi daga inuwar haɓarta na ja layi a kuncin hagu. Ya fito kamar an karce hoton da ƙusa. Na goge, na rage kauri, ya zama kamar zare ya faɗo mata. Na ƙara duhu, sai ga igiyar shanya ta dawo. Tsagar wanzami tana da zurfi, fata takan ɗan tattaru a gefenta, haske yana zama a leɓe ɗaya ya bar ɗayan, ni kuwa layi kawai nake ja a kan fatar da manhaja ta ƙirƙiro. Na yi ta yi ina gogewa har la'asar. Kowane gwaji da sabon suna na ajiye shi, ko ɗaya ban ɗora a kan wani ba. Auta ta zo ta duba ta ce na uku ya yi, wa zai gane? Na ce Yaya. Ta ce Yaya daga zaure yake kallo. Na rufe kwamfutar.

Laraba da safe na ɗauki ƙaramin hoton Mama na kai shagon wankin hoto. Na nuna wa mai shagon kusurwar da nake so ya ƙara wa girma. Ya ce zai yi dishi-dishi, na ce na sani. Ya ce gwiwar hannun amarya za ta shigo, da rabin kan wata ƙawa, amma minti biyu ne ya cire su, har tiren ma in ina so.

"Bar su," na ce.

"Hajiya, ko gwiwar hannun nan kawai?"

"Bar ta."

Ranar Alhamis aka yi suna. Na ba 'yata hoton a ambulan, ta ce ba ta taɓa sanin kakarta tana faɗa ba, Auta ta ce ai ba ta taɓa tsayawa a hanyarta ba ne. Yaya ya karɓa ya riƙe shi kusa da fuskarsa, ya daɗe yana kallo har aka fara miƙo hannu ana jira, sannan ya ce, "Hagu dai, Mai labarai," ya miƙa wa na kusa da shi.

Ranar Lahadi, bayan an taso daga coci, na mayar wa Mama hotonta. Ta sa na soke shi a kusurwar firam ɗin, ta cikin gilashi, kusa da ƙafar.